Babban Yatsan Andarawus

Kontagora, Litinin

Abban Jawahir,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ya jiki, ya aikin Kaduna? Mu lafiya lau.

Ka tuna Andarawus, mutumin Dukku da injin casar shinkafa ya datse wa yatsu uku? Kamfanin da yake wa aiki ya dage ba korarsa aka yi ba, shi ya ajiye aiki. Yau lauyansu ya aiko mini da takardar ajiye aikin, da dangwale, an rubuta a ƙasa wai na babban yatsan dama ne. Kwanan watan kuwa, kwana shida bayan an binne wannan yatsan. Shekara sha ɗaya ina kare ma'aikata, ban taɓa ganin yatsa mai biyayya haka ba.

Na yi dariya a gaban masinjansu. Tun da ya fita nake da-na-sani.

Taka,
Salihatu

Kontagora, Laraba

Abban Jawahir,

Ina gaisuwa, da fatan ka tashi lafiya.

Jiya da hantsi Alhaji Sirajuddeen, mai kamfanin, ya turo dattawa biyu su gaishe ni, da buhun shinkafa. Ba su ambaci shari'a ba. Sun tambayi lafiyarka, da motar da kake biyowa ran Juma'a. Sun yaba wa Jawahir, wai yarinya mai natsuwa, kullum ƙarfe biyu take dawowa daga makaranta ta bayan masallaci ita kaɗai. Na amsa kowace gaisuwa yadda aka koya mini. Na kawo musu ruwa, suka sha, suka tafi suka bar buhun.

Ka san garin nan. In buhun ya shiga kicin, an yi sulhu ke nan, Andarawus ya koma Dukku da hannun da ba ya riƙe fartanya. In na mayar, na ci mutuncin dattawa, sun kuwa faɗa mini hanyar 'yata.

Tsoro nake ji, Muntasir. Ban iya faɗa da baki ba, shi ya sa na rubuta.

Ga Jawahir nan tare da yayata, ita za ta ba ka wannan. Kada ka zo ran Juma'a. Ni na nufi kotun ma'aikata a Minna, takardar dangwalen na cikin zanina.

Buhun na jawo shi waje. Zan kulle ƙofa in bar shi nan, inda kowa zai gani.

Ka sa ni a addu'a.

Matarka,
Salihatu