Kalandar Wietske

Leeuwarden, Talata

Douwe,

Bayan gaisuwa, da fatan gwiwarka ta yi sauƙi. Na buɗe sashenka na sayen tikiti a manhajarmu ta jirgin ruwan tsibiri, sai ga kalandata, wadda na shekara biyu ina ginawa. Kwafe ta ka yi ka liƙa, ka sauya mata launi don kada in gane ta. Kafin ka taɓa abu, tambayi mai shi.

Ka huta lafiya.
Wietske

Laraba

Wietske,

Ina amsawa, gwiwa da sauƙi. Sau uku na roƙe ki ki mayar da kalandar nan sashen gama-gari, kowa ya kira ta daga can. Kika ce ba ta nuna ba, sai ka ce tuwo. Tebur biyu ne tsakaninmu, amma sai na rubuto miki wasiƙa. Na gaji da jira, na ɗauka.

Naki,
Douwe

Litinin

Douwe,

Gaisuwa. Ranar Alhamis na gyara tawa, na rufe ranakun hunturu da jirgi ba ya tashi. Gyaran bai isa kwafinka ba. Jiya mutum arba'in suka tsaya a bakin ruwa da kekunansu da tikitinka a hannu, babu jirgi. Shugabarmu Tjitske ta ce ɗayanmu zai bar aikin nan kafin Juma'a. Na nuna mata wanda ya kwafa. Kada ka manta al'adar ofis, mai ɓarna ne ke kawo kek.

Wietske

Alhamis

Wietske,

Gaisuwa ta ƙarshe. Kek yana kicin, na tuffa, wanda ba kya ci. Ban gaya wa Tjitske kin san da kwafina kwana biyu kafin ki yi gyaran kika yi shiru ba. Ke kin sani, ya ishe ni. Na goge nawa, na bar miki sassana shida. Duk suna jiran kalandarki.

Sai wata rana.
Douwe

Litinin

Douwe,

Ina kwana. Na mayar da kalandar sashen gama-gari. Huɗu daga cikin sassanka sun ƙi karɓarta, kuma ba ka bar bayani ko layi ɗaya ba. Tjitske na tsaye a kaina. Don Allah, ta ina zan fara?

Wietske

Wietske,

Lafiya lau. Tambayi mai shi.

Douwe