An Ba Kwamfuta Ɗakina

Daren Talata, Yuni 1999

Barci ya ƙi zuwa. Yau a ofis aka kunna sabuwar kwamfutar da shugabanmu Injiniya Okoro ya sayo, wai irin ta manyan masu zanen gini ce. Ɗakina aka ba ta, har da na'urar sanyi da na yi shekaru ina roƙo. Teburin zanena yanzu yana baranda kusa da janareto. Ba a shiga wajenta da takalmi, sai ka ce masallaci. Na cire nawa, ni da na yi karatu a Zariya lokacin da karatu ke da daraja.

Gidan sabon ɗan majalisar nan da na sha wahalar zanawa, nan take ta nuno shi gaba da baya, har da inuwar bishiya. Aka yi ta tafa mata. Wai farar hula sun dawo mulki, aiki zai yawaita.

Na ce, "Oga, ni fa?"

Ya dafa kafaɗata. "Haba Malam Sule, ai kai baba ne a nan. Kana nan har a gama zuba mata tsofaffin zanenka."

A ganinsa alheri ya yi mini.

Da na dawo gida Fagge na kasa cin tuwo, na ce wa matata Hajara zafi ne. Ban iya wata sana'a ba, idona kuma ya fara rauni. Zanen suna cikin durowa, makullin yana aljihuna. Gobe guda ɗaya zan fitar, in ce sauran sai na nemo. Allah ya sa suna da yawa.