Baba ya daina zuwa gashi saboda ƙaryar da na yi masa a kan mota

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, barkanmu da war haka, ya iyali, ya ruwa. Admin don girman Allah ka sakaya sunana, akwai 'yan ofishinmu a nan. Don Allah ku ba ni shawara, zagin kuma ku rage, wanda na yi wa kaina ma ya isa.

Ni ma'aikaci ne a jami'ar da ke nan Wudil, ba malami ba, ɓangaren takardu nake, ina zaune a Sabon Gari da matata da yara uku. Ƙauyenmu yana bayan Indabo, can Baba yake da Inna da yayana Hamisu wanda ke riƙe da gonaki. Bara Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, hannun dama da ƙafa, asibiti suka sa masa gashin ƙashi duk Litinin da Alhamis. Ni nake zuwa in ɗauko shi in mayar, kuma Alhamdulillahi mun ga sauƙi, har ya fara riƙe ludayi da kansa.

Motar da nake wannan zirga-zirga da ita mai shan gas ce, irin doguwar nan mai faɗin but, keken da ake tura Baba a kai yana shiga ba sai an naɗe shi ba, har a samu wurin buhun masara. Tana da tudu, ba ruwanta da rami. Gas ya yi tsada, na sani, amma wannan mota lasar mai take yi, in na cika tanki ranar albashi sai in kusa manta hanyar gidan mai. Aibinta biyu ne, ƙara da hayaƙi. A ofis suka sa mata injin niƙa, da na shigo get sai ka ji wani ya ce Oga an kawo markaɗe ne. Ina dariya tare da su, amma wallahi abin yana cina, ni da na haura arba'in, wai zolayar yaran da na girma da shekara goma ita ta hana ni sakat.

Ana haka wani dillali ya nuna min wata baƙar salun mai fetur, ta girmi tawa nesa ba kusa ba, amma an yi mata fenti tana sheƙi, silinda shida, kujerun fata, ga ta ƙasa-ƙasa. Ya ba ni na ɗana a titin Kano bayan an tsallake gada, ina taka ta na ji bayana ya manne da kujera, shi ke nan hankalina ya tafi. Da na gaya wa matata tambaya ɗaya ta yi min, keken Baba zai shiga? Na hau ta da faɗa, na ce me ta sani a harkar mota. Muka yi musaya, har da ciko na ba shi. Saurin da dillalin nan ya yi ya karɓi makullina ya isa ya farkar da mai hankali, amma ni ina can ina goge madubi.

Inda na tafka ɓarnar shi ne a gida. Baba yana son tsohuwar motar, shi ya sa mata albarka ranar da na kawo ta, na kasa kallon idonsa in ce na bayar da ita don in burge 'yan ofis. Sai na ce inji ne ya buga, bakanike ya ce ba ta gyaruwa, na sayar a wulaƙance na lallaɓa na sayi wadda ta samu. Don maganar ta zauna kuma na ƙara da cewa a hanyar dawowa daga ƙauye abin ya faru, bayan na sauke shi. Ban san wannan ɗan ƙarin shi zai zame min masifa ba. Mutanen ƙauye suka yi ta min jaje, liman ya yi addu'a Allah Ya mayar da alheri, Inna ta aiko min da zabi biyu wai in rage zafi. Na karɓa, muka yanka, na ci. Duk sanda na tuna naman nan sai kunya ta rufe ni.

Zuwan farko da sabuwar, tun rani ma cikinta ya dinga gurzar ƙasa. Keken bai shiga but ba, sai da muka naɗe shi muka cusa a kujerar baya. Kujerar gaba kuma ta yi ƙasa da yawa, sai mutum biyu sun kama Baba kafin ya zauna, ina ganin yadda yake cije leɓe. Mai kuwa kamar ana zuba wa rairayi ruwa, abin da ke kai ni wata a da, yanzu kwana goma da ƙyar. Da ruwa ya sauka akwai wani kwari kafin ƙauyenmu, nan ta kafe, sai da aka kawo shanun noma suka ja ni, rabin gari na kallo. Daga nan Yaya Hamisu ya koma ɗora Baba a amalanke ya fito da shi bakin titi, ni in jira a can. Ni kuma na fara tsallake ranaku, yau in ce mitin, gobe in ce oga ya aike ni Kano, alhali mai ne babu.

Sati uku da suka wuce na je ɗaukarsa ba a fito da shi ba, na taka har gida, ya ce ba za shi ba. Na zaci jikin ne, sai ya sa aka ba mu wuri, ya kama hannuna da na hagunsa, maganarsa ba ta fita sosai amma na ji komai. Ya ce, "Ni na kashe maka waccan, ba zan kashe maka wannan ba. Kana da iyali. Ka yafe min." Jama'a, mahaifina ne yake neman gafarata a kan motar da lafiyarta ƙalau. Na yi ta rantsuwa ba laifinsa ba ne, ya ce ai da bakina na ce daga sauke shi ta buga. Tun ranar bai koma gashi ba, Inna ta roƙa, liman ya roƙa, ya kafe. Hannun da ya fara riƙe ludayi ya koma ya ƙage, Inna ke ba shi kunu a baki. Mai yi masa gashin ya kira ni ya ce in aka daɗe haka, abin da aka samu zai zube kuma da wuya ya dawo.

Juma'ar da ta wuce asirina ya tonu. Yaya Hamisu ya shigo kasuwa, sai ga tsohuwar motata a tasha ana mata lodin fasinja, lambarta ma ba a canza ba. Ya tambayi direban, mutumin ya yi ta yabonta, ya ce ko murfin injin ba a taɓa kwancewa ba. Bayan masallaci ya zo gidana, bai zauna ba, ruwan da aka kawo masa ma bai sha ba. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi min sauƙi. Ya ce shi ba motar ce ta dame shi ba, tawa ce, in na ga dama in jefa ta kogi, amma in bar tsoho yana kwana da laifin da bai yi ba, wannan ba zai iya gani ya yi shiru ba. Ya ba ni zuwa Juma'a mai zuwa, ko in faɗa da bakina ko shi ya faɗa.

Na koma wurin dillali ya ce ciniki ya faɗa. Na samu direban, ya ce ko uwarsa ce ta ce ya sayar sai ya yi tunani. Tawa kuwa na sa ta a kasuwa, kowa ya ji silinda shida sai ya ce Allah Ya kawo mai saye.

Yanzu kaina ya kulle. Matata ta ce in je in durƙusa in faɗi gaskiya, kuma ko sau ɗaya ba ta ce ai na gaya maka ba, wannan ma wata kunyar ce. Wani abokina ya ce in ce wa Baba bakanike ya gano tun daga kamfani injin yake da matsala, ba hanyar ƙauye ba ce, wato in ɗora wata ƙaryar a kan ta farko. Ni tsorona Baba yana da hawan jini, kuma mutum ne da tun muna yara zai yafe maka ɓarna amma ba ya yafe ƙarya. A gaban mutane yake cewa duk cikin 'ya'yansa ni ne ban taɓa yi masa ita ba.

To ku gaya min, in faɗa masa kai tsaye ne, ko in fara ta wurin Inna, ko in tafi da liman? In jininsa ya hau a dalilin maganata ina zan sa kaina? In kuma na yi shiru hannun nan yana ƙara mutuwa kullum. Wanda ya taɓa durƙusawa gaban mahaifinsa da irin wannan magana, don Allah ya faɗa min da wace kalma ake farawa. Yau Talata.