Abin da Ya Toshe Kwalbatin Layinmu

Lahadi, 4 ga Mayu

Mutum goma sha tara! Na zaci mu biyar za mu zauna muna kallon juna, sai ga ƙofar shagona ta cika har na ari benci a wurin mai kemis. Na tashi na yi magana. Na ce bara ruwa ya shigar min shago har gwiwa, ya lalata min keken ɗinki, ya kayar da katangar Inna ta ƙarshen layi, to bana me muke jira? An tsayar da Asabar, za mu yashe kwatar tun daga bakin titi har kwalbati. Malama, wadda ta koyar da rabin 'yan layin nan, ta ce ni ce shugaba. A baki na ce a'a. Zuciyata kuwa kamar ta fito ta taka rawa.

Mai walda bai zo ba. Dama na sani.

Talata, 6 ga Mayu

Shebur tara, baro biyu, manjagara huɗu. Mai kemis ya ba da safar hannu kwali guda. Direban tipa ya ce zai kwashe mana sharar, "in dai ba za ku sa ni cikin kwata ba." Baban yara ya ce tun da ya aure ni bai taɓa ganin na ƙona girki sau biyu a rana ɗaya ba sai yau. Ya ci dai.

Alhamis, 8 ga Mayu

Shekara guda ke nan ba ma ga-maciji da mai walda, tun ranar ambaliyar da na tsaya gaban jama'a na ce guntayen ƙarafansa ne suka toshe kwalbati. Yau ya tarar ina manna sanarwa, ya karanta, ya ce, "Allah ya ba da sa'a, shugaba." Ba'a ce ko gaske? Za dai a ga abin da zai fito daga ramin nan, kowa ya shaida.

Asabar, 10 ga Mayu

Wayyo bayana! Amma yau rana ce. Tun bakwai layi ya cika, har waɗanda ba su zo taro ba. Malama ta fito da takalmin roba na marigayi mijinta, tana tafiya kamar agwagwa. Inna ta zauna da bokitin ruwan sanyi tana ba da umarni, "Ke 'yar nan, shebur ba ludayi ba ne!" Leda, robobi, takalma ƙafa ɗai-ɗai, har rediyo. Mai kemis ya zame ya zauna daram a cikin taɓo, muka yi dariya har da hawaye, shi ma yana yi. Tipa ta yi sawu uku. Ashe ƙasan kwatar nan siminti ne! Shekara goma sha ɗaya ina layin, yau na fara ganinsa.

Kwalbatin ne ya gagara, ya toshe ƙam. Mai walda, wanda ya shigo aikin ba tare da an gayyace shi ba, ya leƙa ya ce sai an ƙera ƙugiya mai tsawo, sai Asabar mai zuwa.

Laraba, 14 ga Mayu

Hadari ya haɗu a gabas, ya watse. Allah Ka kai mu Asabar kafin ya sauka.

Asabar, 17 ga Mayu

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Mai walda ya zo da ƙugiyarsa, ya shiga har ƙugu, ni ina tsaye a kansa da baro, ina jiran ƙarfe ya fito. Ya ja, ya ja, sai ga buhu. Ya yage. Ƙyallaye. Na gane shuɗin nan mai ratsi, ni na ɗinka wa Malama shi. Buhu na biyu, na uku... har bakwai. Nawa ne duka. Duk damina nakan ajiye su a bakin kwata in ce masu shara za su ɗauka, in na wayi gari babu sai in ce an ɗauka. Ban taɓa tambayar wa ya ɗauka ba.

Ƙarfe ko ɗaya babu.

Ya dube ni, ya dubi buhunan, ya zuba musu taɓo a kai da shebur, ya ce, "Tura, shugaba, tipa na jira." Da ruwan da ya taru a kwalbatin ya ɓalle mutane suka hau ihu, aka tambaye shi me ya toshe, ya ce, "Sharar gari ce, ta kowa da kowa."

Lahadi, 18 ga Mayu

Ban fita ba. Na ce kaina ke ciwo.

Laraba, 21 ga Mayu

RUWA! Kamar da bakin ƙwarya, tun azahar. Duk muka tsaya a ƙofofinmu muna kallon kwata, tana gudu fes kamar ba ita ba. Ko ɗigo bai shigo shagona ba. Inna ta ɗaga hannu sama tana ta addu'a. Na yi tsalle a gaban kwastoma, ni da shekaruna!

Lahadi, 25 ga Mayu

Na faɗa a taro. Ban shirya ba, bakina ne ya riga ni. Na ce buhunan nan nawa ne, kuma na zargi bawan Allah a banza. Sai Inna ta ce, "To ai mai ɓarna shi ya san hanyar gyara, zauna mu ci gaba." Aka fashe da dariya. Mai walda ƙasa kawai yake kallo, ya ce komai ya wuce. Ba su cire ni ba. Asabar za mu fara dasa itatuwa, shi kuma zai ƙera mana kwandunan shara huɗu.

Alhamis, 29 ga Mayu

Na ɗinka masa rigar aiki mai kauri, tasa duk tartsatsi ya huda ta. Ba don komai ba, yadin ne ya ragu. Na kai masa da kaina, shi ma don hanya ta bi da ni ne. Ya gwada, hannun ya yi masa gajere, ya ce daidai ne. Na ce cire, malam, ba a yi wa tela ƙarya.

Gobe zan ƙara tsawon.