Ranar da Kawu Sammani Ya Buɗe Tafki

Ƙofar Durbi, Katsina,
12 ga Afrilu, 1976.

Zuwa ga yayana Malam Dabo, a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Hajo da yara. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har ta koma zuwa unguwa, matata Lailatu kuma ta sauka lafiya, an samu mace. Zafi dai ya sako mu gaba, ka san Katsina a wannan wata.

To Yaya, gyara zama, don labarin nan ba zai jira zuwanka ba. Ka tuna bayan farin da ya ƙafar da Tafkin Marke na ƙauyen su Inna, Kawu Sammani ya ɗauko 'ya'yan tarwaɗa cikin tuluna daga gulbi, a kan jakuna, ya zuba, sannan a matsayinsa na Sarkin Ruwa ya hana kowa jefa ko da fatsa. Shekarar farko aka haƙura. Da ya ƙara ta biyu sai gari ya ɗau zafi. Masunta suna kukan yunwa, su kam suna da gaskiyarsu. Amma waɗanda bakinsu ya fi tsawo mu ne, ma'aikatan birni. Tun da aka yi ƙarin albashin nan kowa ya sayi babur, aka kuma tsiro da zuwa kamun kifi ran Lahadi da sandar fatsa 'yar kanti. Mutumin da bai taɓa taka taɓo ba sai ka gan shi da malafa da tabarau yana koya wa Kawu halin kifi! Ni ma ina cikinsu, ba zan ɓoye maka ba.

Jagoranmu Alhaji Lado ne, ɗan kwangilar nan na Kambarawa. Shi ya sa aka kai wa dagaci takardar ƙara, wai Kawu ya tsufa ya ruɗe, kifinsa ya mutu tuni, babu komai a tafkin sai kwaɗi, kunya ce ta hana shi buɗewa. Dagaci ya kira Kawu ya ce bana sai an buɗe tafkin an yi su, wato kamun kifi na gayya, in kuwa ba a ga kifi ba za a naɗa wani. Sarautar da take gidan su Inna tun kakanni, Yaya! Inna ta yi kwana uku ba ta ci abincin kirki ba. Kawu ya amsa, amma ya ce shi zai sa rana, masunta za su shiga da homa yini ɗaya tak, mu 'yan birni kowa kifi uku, wanda bai kai kamu ba da wadda take da ƙwai kuma a mayar da su ruwa. Alhaji Lado ya yi dariya ya ce a fara samun ɗayan tukuna.

Asabar ɗin da ta wuce aka yi. Da hantsi Kawu ya shiga ruwa shi kaɗai da gorarsa, ya yi addu'a, ya ɗaga hannu, masunta suka auka. Can sai Mati masunci ya ɗago homarsa, ta ƙi ɗaguwa, sai da mutum biyu suka kama masa. Tarwaɗa ce kamar cinyar ƙato. Kafin a gama kabbara wani ya ɗago, wani ya ɗago, ruwa ya kama tafasa, mata suna ta guɗa daga bakin gaɓa. Alhaji Lado kuwa wata tarwaɗa ta fizge shi ya zauna daram cikin taɓo da shaddarsa, ya tashi yana ihun murna kamar ba shi ba. Ya cika ukunsa tun kafin azahar, ya roƙi a bar shi ya ƙara ɗaya, Kawu ya ce a'a. Alhaji ya juya wajen dagaci, dagaci ya ce masa a bakin ruwa shi ma talakan Sarkin Ruwa ne. Wallahi ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba.

Saura abin da ya fi yi mini nauyin faɗa. Takardar ƙarar nan ni na buga ta da tafiretar ofis. Bayan la'asar na je na durƙusa gaban Kawu na faɗa masa. Ya ce ai ya sani tun ranar da aka karanta masa ita, don an rubuta tulu bakwai, kuma ban da 'yan gida babu wanda ya san yawansu. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ya ce tun da hannuna ya iya bugu, in buga masa sanarwa cewa ran Juma'a tafki zai sake rufuwa sai baɗi. Na buga, aka karanta a kasuwar ƙauyen, Alhaji Lado yana tsaye. Kowa ya amince, har shi.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka rage shan rana. Kawu yana sa maka albarka, Lailatu da abokiyar zamanta Rabi suna gaida Hajo da yara. Idi direba zai kawo maka ƙyafaffiyar tarwaɗa ɗaya, Inna ta ci ɗaya, na ci ɗaya. Kada ka ce na yi rowa, rabona ke nan, kuma bana ban isa in ƙara ba.

Allah ya sada mu da alheri.

Naka ƙane,
Sada.