Ramin da Na Zana, Hular da Ya Sa

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Tsakaninka da Allah, Yaya, da ka yi wa zauren danginmu na waya jawabin minti huɗu kana yabon Injiniya, ba ka ji wani suna ya maƙale maka a wuya ba? Ka yi haƙuri, tambaya ta riga gaisuwa fitowa. Ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara, Allah ya ƙara rufin asiri. Umma ƙalau take, ƙafar ta yi sauƙi har kasuwa take zuwa da kanta. Auta ta gama jarrabawa. Ni ma ina nan shagon kafinta, lafiya lau in ban da abin da ke cina.

Bari in ba ka labarin yadda yake, tunda kafin ya iso maka an wanke shi. Da ka fara gini a filin da ke jikin gidan Umma, ɗan Kawu, Injiniyan naka, ka damƙa wa, shi ne mai takardar jami'a. Ka aiko masa farar hular kwano da takalman ruwa, ni ka aiko min gaisuwa. Hular nan har wurin mai aski yake zuwa da ita. Ya sa aka malale tsakar gidan kaf da siminti, ko inda kaza za ta yi tono bai bari ba, ya kuma juya bututun rufin gaba ɗaya ta wajen bangon ɗakin Umma, wai kada ya ɓata fuskar gidan a hoto.

Ni da na bar makaranta a aji uku, ni na je ofishin tsara gari na ɗauki hoton dokar ruwan sama da ke manne a allonsu. Shafi shida. Sati biyu ina fama da ita a kan bencin aikina, kalmar da ta gagare ni in nemo ta a waya. Abin da ta ce ba wuya: mai sabon gini ba ya tura ruwansa gidan maƙwabci ko kan titi, dole ya bar wa ƙasa wurin sha, ya haƙa ramin da zai riƙe ruwan rufinsa. Na kai wa Injiniya. Ya kalle ni sama da ƙasa, ya ce kafinta ya tsaya a ƙusarsa, ruwan ai kwata yake bi ya wuce.

To, ran da hadari ya haɗo da la'asar, na cika buhu da garin katako, na hau tsani na barbaɗe rufinka. Ruwa ya sauko, na bi shi ina jiƙe sharkaf. Ka san inda na tsinci garin? Gindin bangon Umma, wani har ya bi tsaga ya shiga ƙarƙashin gadonta. Kwata ko ƙwaya ɗaya ba ta gani ba. Sati bai cika ba mai duba gine-gine ya shafa wa ƙofarka jan fenti, ya ce a tsayar da aiki. Ba ni na kira shi ba. Na dai yi tunanin hakan, ba zan yi maka ƙarya ba.

A ranar ne Injiniya ya gane hanyar shagona. Ya zo ba hula, yana ce min ɗan'uwa. Don Umma na ɗauki guntun falanki na zana masa komai: zurfin ramin, tsakuwar da za a zuba, simintin da za a fasa, inda bututu zai bi. Ya ɗauki hoto, ya sake zana shi a kwamfuta, ya sa sunansa a ƙasa. Aka yi aikin, aka goge jan fenti. Sai ga muryarka, wai Injiniya ya ceci gininka, ya ceci ɗakin Umma, ilimi ba ƙarya ba ne. Kowa ya turo tafi. Har Auta, wadda ta riƙe min tsanin.

E, kishi nake yi, rubuta ka ajiye. Ciki ɗaya muka fito, amma ka tsallake ni ka ɗora wa ɗan Kawu abin da hannuna ya yi. Ba hular ce ta dame ni ba. To, ita ma ta dame ni. Umma ta ce in bar wa Allah, na ce mata na bar masa, amma kai ma sai ka ji.

Ka gaida Anti, da Babban Mutum da 'yan biyu. Umma da Goggo da Auta suna gaishe ku.

Kada ka kira ni gefe ka lallashe ni. A zauren da mutum arba'in suka ji yabon, nan za ka yi masa tambaya ɗaya: me ya sa bututun zanensa ya yi kwana a bayan kicin maimakon ya miƙe? Kai ka san amsar, don ni da kai muka cike tsohuwar rijiyar Baba da ke wurin. Shi ya faɗa, da muryarsa, kowa yana ji. In ya sani, ya riƙe hularsa. In ya yi shiru, ka kira sunana.

Ƙaninka,
Kafinta