Na Tafi Gwajin Suga

Mama, ina kwana.

Na fita kuna barci. Ku yi haƙuri, ban taɓa shayin da kuka ajiye mini a fulas ba. Jiya a wajen awon ciki an ga suga a fitsarina, ungozoma ta ce in dawo yau ban ci komai ba. Za su ɗebi jini, in shanye ruwan suga kofi guda, su sake ɗiba sau biyu.

Na ɓoye muku ne don kada hankalinku ya tashi. Ko an samu ciwon, ta ce yawanci gyaran abinci yana riƙe shi. Ni ba na jin tsoro, jikanku ma sai shure-shure yake.

Kada ku biyo ni da kwano. Sha ɗaya ina gida, da yunwar mutum biyu.

'Yarku